Tsakanin Bashi da Albashi

Ranar da saƙon banki ya fara shigowa wayata da naira 20,000 na bashin karatu, a watan Agustan 2024, ina zaune ne a bakin ɗakin kwananmu na ɗalibai a Dutse, ina jiran ruwan da na ɗora a kan risho ya tafasa, alhali abin da zan zuba a cikinsa bai wuce ragowar taliya rabin leda ba. Na karanta saƙon sau uku, sannan na kira gida, kuma wannan kiran shi ne kuskurena na farko. Laifin ba na sanar da iyaye alheri ba ne, laifin yana ga yadda na faɗi maganar, domin cewa na yi gwamnati ta fara biyanmu kuɗi duk wata. Kafin la'asar labari ya zaga ƙauyenmu da ke yankin Gumel cewa ɗan gidan wane ya fara ɗaukar albashi tun bai gama karatu ba.

Na shiga jami'a ne a shekarar da aka cire tallafin man fetur, wato 2023, lokacin da kuɗin mota ya ninka kuma jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista, har sai da Baba ya kai rago da akuya biyu kasuwar Maigatari kafin na iya biyan kuɗin shekarar farko. Saboda haka da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar bashin karatu a watan Afrilun 2024, aka kuma buɗe shafin NELFUND, wato asusun gwamnati mai ba da bashin, a watan Mayu, ban yi wata-wata ba na tattara lambar JAMB da ta NIN da BVN na cike takardun. Tsarin kashi biyu ne: kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye zuwa asusun makarantar, ɗalibi ba ya ko ganinsa, sai kuma kuɗin ɗawainiya, naira 20,000 a wata, wanda yake faɗowa cikin asusun ɗalibin. Baba bai yarda da rancen kuɗin makarantar ba sai da ya kai maganar gaban limamin garinmu, aka tabbatar masa cewa babu kuɗin ruwa a ciki. Duk da haka liman ya ƙara da wata magana da ban ba ta muhimmanci ba a lokacin, cewa rashin ruwa bai hana shi zama bashi ba, kuma bashi yana bin mutum har kabari.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da watan Agusta yake nufi. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara gida-gida. A cikin dubu ashirin ɗin farko na tura dubu goma gida, na ba wani ɗan ƙanin Baba dubu uku da ya ce zai sayi magani, na sayi data da sabuwar caja, mai POS ya cire nasa, kuma kafin sati biyu asusun ya koma yadda yake. Wata na biyu ma haka aka yi, sai dai masu kiran sun ƙaru, kowa da larurarsa, kuma babu wanda zan ce ƙarya yake yi. A ƙarshen zangon na shiga jarrabawa kwana huɗu ina shan garin kwaki da ƙuli-ƙuli safe da dare, na zauna a gaban takardar wani darasi da na san na karanta shi sarai, amma layukan suna rawa a idona. Na ci darasin da kyar, da makin da har yau nake jin kunyarsa.

Bayan jarrabawar ne na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun ranar farko. Idan aka raba 20,000 gida talatin, abin da zai zo wa kowace rana bai kai naira 700 ba, kuma a cikinsa ne ake son a ci abinci, a yi fotokwafin takardun darasi, a sayi sabulu da kalanzir ko gawayi, a kuma ajiye kuɗin motar komawa gida. Wata goma kacal zai zama naira 200,000 a wuyana, ban da kuɗin makarantar da ake biya mini, kuma ƙa'idar ita ce a fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Ma'ana, duk nairar da na raba a ƙauye don a ce na yi abin kirki, daga aljihun wani mutum na zaro ta, mutumin da bai samu aiki ba tukuna, wanda watakila a lokacin yana da mata da 'ya'ya, kuma mutumin nan ni ne. Kyauta da kayan aro ce na riƙa yi, ina karɓar godiya a kai.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne faɗa wa Baba. A gidajenmu ɗa ba ya zama ya yi wa mahaifinsa lissafin kuɗi, musamman ɗan fari irina, wanda Inna ko sunansa ba ta kira. Na zaɓi wani dare a hutun kaka, bayan sallar isha'i, yana zaune a kan tabarma a zaure, na durƙusa na ce, "Baba, akwai maganar da ban faɗa daidai ba tun farko. Kuɗin nan da ake turo mini duk wata, shi ma rance ne, kowace naira a rubuce take da sunana, kuma zan biya." Ya yi shiru har na ɗauka ransa ya ɓaci, sannan ya ce, "To kai da ka sani, me ya sa ka bar mu muna ci?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Shi ne kuma ya kawo dabarar da ta fitar da mu, ba ni mai karatun jami'a ba. Kowace kaka yakan sussuke wani ɓangare na geronsa da wake ya kai kasuwa don ya biya bashin takin zamani da na 'yan ƙwadago, a daidai lokacin da kowa yake kai nasa kuma farashi yake ƙasa, sannan ni in je Dutse in sayi irin wannan hatsin a hannun 'yan tebur da tsada bayan wata huɗu. Ya ce maimakon haka in saya a wurinsa, a kan farashin kasuwar ranar, ba ragi ba ƙari. Muka auna a tsakar gida da kwanon Inna, ƙanena yana ƙirgawa da ƙarfi, na biya da kuɗin wata guda da ɗan abin da na samu a aikin cirar gyaɗa. Kuɗin ya shiga gida kamar yadda nake so tun farko, amma ta hanyar ciniki, ni kuma na koma makaranta da rabin buhun gero da aka surfa aka niƙa, da wake, da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji waɗanda Inna ta ƙi karɓar ko sisi a kansu. Har yanzu ina ganin wannan ya fi duk wata shawarar tattalin kuɗi da na taɓa ji a lacca.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Mu huɗu a ɗaki muka haɗa tukunya ɗaya, kowa da ranar girkinsa, na daina cire kuɗi kaɗan-kaɗan a wurin mai POS saboda ladan cirewar yana taruwa, kuma na daina cin bashin mai shago da sunan kuɗin watan gobe, domin ɗora bashi a kan bashi ne.

Game da 'yan uwa kuwa, ban rufe hannuna gaba ɗaya ba, kuma ba na jin ya dace ɗalibin da aka sayar da dabbobin gida saboda shi ya yi hakan. Na ware naira 2,000 duk wata, ina tura wa Inna, ita ta san wanda ya fi buƙata, kuma duk wanda ya kira ni sai in ce ya je wurinta. Wasu sun ji haushi, wani ma ya ce boko ya fara shiga kaina. Baba ne ya tsaya mini, ya riƙa faɗa a majalisa cewa yaron nan bashi yake ci, a daina kiran abin albashi. A bayan littafin da nake rubuta darussa na buɗe shafi guda inda nake rubuta kowane kuɗi da ya shigo da kwanan watansa, kuma duk hutun da na je gida Baba yakan sa in karanta masa jimillar, ya jinjina kai, sannan ya tambaye ni ko geron ya kai ni ƙarshen zango.