Mai ajiye takardun waƙa

A ƙungiyar mawaƙa ta sa-kai, tafi ya san inda yake sauka: kan jagora mai kaɗa hannu a gaba, kan wanda ya rera baiti shi kaɗai, wani lokaci kan mai kaɗa fiyano. Ni sakatare ne, ni ke rubuta takardar shirin taro, don haka sunan da na sa shi za a karanta, wanda na bari kuma ba mai jin sa. Ƙaramin iko ne, amma a kansa na koyi yadda ake gode wa mutumin da ba ya son a gan shi.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu da kowa ke kira Mama. Tana layin baya cikin masu muryar alto, wato muryar mata ta ƙasa, muryarta kuwa ba mai fita ba ce. Ita ke riƙe da takardun waƙa. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka raba takarda ne kawai. Kowane kwafi yana da lamba, kowace lamba tana da sunan wanda ya karɓa a littafinta. Da fensir kaɗai ake yarda a yi alama, inda za a ja numfashi, inda za a sassauta murya, kuma bayan taro sai an bi shafi-shafi an goge, musamman idan aro aka yi, domin masu bayarwa ba sa karɓar takarda da rubutu a jiki. Ita ke zama ta goge.

Babban aikinta ma ba wannan ba ne. Yawancin mawaƙanmu ba su iya karanta rubutun kiɗa mai layi biyar ba, sun fi sanin do, re, mi. Tsarin rubuta waƙa da do, re, mi da suka sani, Sarah Glover ce ta fara shi a Norwich ta Ingila, John Curwen ya gyara shi ya yaɗa tun daga shekarun 1840, da nufin talaka ya iya rera waƙa daga takarda ba tare da ya je makarantar kiɗa ba. To amma sai an sami mai juya waƙar daga wancan rubutu zuwa wannan, murya huɗu: sofrano, alto, teno da bas. Mama ke yi, da hannu. Idan ta rubuta fa a inda ya kamata ta sa fi, rabin mataki ne kacal, amma duk masu wannan muryar za su kauce tare, jagora ya yi ta neman mai laifi bai samu ba. Ban taɓa ganin hakan ta faru ba, kuma shi ya sa ba wanda ya san akwai aiki a wurin. Haka jera kujeru: ta san wanda kunnensa ya yi nauyi, sai ta ajiye shi kusa da mai murya tsayayya, ba ta ce da kowa komai ba.

Da kwamiti ya farga, sai aka ce yabon gwani ya zama dole. Aka zaɓi 5 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa masu aikin sa-kai tun 1985, za a kira ta gaban jama'a a miƙa mata lambar yabo ba zato. Na roƙi a bar ni in ji ta bakinta tukuna.

"Mama, muna so mu kira ki gaba ranar taro."

"Ɗana, in haka za ku yi, ka faɗa mini yanzu in zauna a gida ranar."

Wasu a kwamiti suka ce kara ce kawai, a matsa mata za ta ji daɗi daga baya. Akwai masu irin wannan halin, ban musa ba, suna cewa a'a suna jiran a nace. Amma matar da ta zaɓi layin baya da kanta ba ta cikinsu. Kuma na lura yawancin bikin karramawa na ba-zata, masu shiryawa yake yi wa daɗi: su ne za su ji sun kyauta, ita kuwa ta tsaya tana neman inda za ta sa idonta.

Abin da muka yi ba shi da armashi. A takardar shiri na sa layi ɗaya, ba "muna godiya ga duk masu taimakawa" ba, wanda ba ya nufin kowa, sai sunanta da ainihin aikin: ita ta juya waƙoƙin nan zuwa do-re-mi, ita ke kula da takardu. Kowane rukunin murya ya rubuta mata 'yar wasiƙa da abu takamaimai da suka tuna, aka ba ta a keɓe. Ta karanta layin nan sau biyu, ta ce waƙa ɗaya ba ita ta juya ba, a gyara. Aka gyara.

Sai kuma abin da ya fi nauyi. Da muka zauna lissafin aikinta don rubuta layin, muka gano fensira, magogi da jakunkunan takardu duk daga aljihunta suke fitowa. Shirun mai tawali'u yana sa ƙungiya ta yi kasala, ta riƙa cin guminsa tana kiran abin halin kirki. Aka sa kuɗin kayan a kasafin shekara, aka haɗa ta da matasa biyu su koyi aikin.

Nan ne aka fi shan wahala, don Mama ba ta iya sakin aiki ba. Takardun da yaran suka goge, sai ta sake bi ta goge. Mun daidaita a kan su ɗauki teno da bas, ita ta riƙe sofrano da alto, kuma sai ta duba nasu kafin a buga.