Gasket ɗin manifol ya daina hurawa

'Yan'uwa masu koyon gyaran mota, alhamdu lillahi, Golf 3 ɗin nan da na dame ku da zancenta ta yi shiru. Ƙarar tak-tak ɗin da take yi da sassafe, wadda ke lafawa idan injin ya ɗau zafi, ta ɓace, kuma babu sabuwar kunkunniya a gefen hed, wato kan injin.

Ashe laifin ba na gasket ba ne, wato abin da ake sawa tsakanin hed da manifol (ƙarfen da ke tattara hayaƙin injin zuwa salansa) don kada hayaƙi ya hura. Na yi ta canza shi kuɗi na zurarewa, kowane sabo sai ya ƙone a wuri guda, bakin silinda ta huɗu. Wallahi raina ya ɓaci. Da na kwance manifol ɗin na kankare tsatsa, na aza rula ta ƙarfe a fuskarsa na haska tocila ta baya, sai ga haske yana ratsowa daga can ƙarshe. Ƙarfen ya karkace. Shekara da shekaru yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, dole ya lanƙwashe. Shi ya sa ƙarar ke raguwa in mota ta ɗumama: ƙarfen ya kumbura ya toshe kafar na ɗan lokaci. Fuskar da ba ta miƙe ba, ko wane irin gasket ka sa mata sai ta hura. Na kai wa masu injin goge ƙarfe suka daidaita ta. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma bai kai na gasket ɗin da suka ƙone ba.

Ku leƙa ƙarƙashin mota kuma. Robar da ke riƙe salansa ta tsinke, nauyin bututun gaba ɗaya ya koma wuyan manifol, kowane rami yana fizgarsa.

Wajen ɗaurewa na sa sababbin notoci masu ruwan jan ƙarfe, na fara daga tsakiya ina fita gefe, kaɗan-kaɗan, har 25 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, tunda M8 ne, wato masu kaurin milimita takwas. Ban shafa silikon ba, zafin wurin ya fi ƙarfinsa. Na bar injin ya yi zafi, ya huce sarai, na sake bin su da sifana. Na gefe duk sun ɗan saki, don haka kada ku tsallake wannan.

Saura notocin mahaɗar bututun ƙasa, tsatsa ta cinye su. Na jiƙa su da mai tukuna.