Abin da na koya kan rabon ribar kamfanonin kula da bashin gidaje a Amurka

Kamfanin da ke kula da bashin gidaje a Amurka yawanci ba shi ne mai bashin ba. Wannan ne abin da ya fara zauna mini a kai da na shiga nazarin hannayen jarin irin waɗannan kamfanoni, kuma duk sauran abin da na koya daga nan ya samo asali. Mutum ya karɓi bashi ya sayi gida, sai a sayar da bashin ga Fannie Mae ko Freddie Mac, manyan kamfanonin sayen bashin gidaje da gwamnati ke mara wa baya, ko a haɗa shi da wasu a ƙarƙashin lamunin Ginnie Mae, wata hukumar gwamnati. Wani kamfani ne daban ke karɓar kuɗin kowane wata, ya ware na haraji da na inshorar gida, ya miƙa sauran ga masu bashin, ya kuma bi sawun wanda ya makara. Ladansa kusan kashi 0.25 cikin ɗari ne na ragowar bashin a shekara. Bashin dala 300,000 zai kawo masa dala 750. Kuɗi kaɗan ne, sai ka tara bashin dala biliyan 100 ka ga ya zama dala miliyan 250.

Idan ka dubi kuɗin da ke shigowa wata bayan wata, sai ka ce ai wannan kamfanin rabon riba ne tsaf. Amma abubuwa biyu ke cin wannan kuɗin kafin ya kai ga mai hannun jari.

Na farko kuɗin ruwa ne, kuma aikinsa a nan a juye yake. Duk lokacin da kuɗin ruwa ya sauka, masu gidaje kan karɓi sabon bashi mai sauƙi su biya tsohon. Ranar da aka biya tsohon, ladan kamfanin ya yanke. A watan Janairun 2021 kuɗin ruwan bashin shekara 30 ya sauka zuwa kashi 2.65, mafi ƙanƙanta da Freddie Mac ya taɓa lissafawa, mutane suka yi ta sauya bashi. Da babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a Maris 2022, har bashin gida ya haura kashi 7 kafin shekarar ta ƙare, sai kowa ya rungumi tsohon bashinsa. Wa zai saki kashi 3 ya kama 7? Darajar haƙƙin kula da bashi, wato damar ci gaba da karɓar wannan ladan, ta tashi. Shi ya sa manyan kamfanonin ke riƙe da sashen bayar da sabon bashi, don idan wannan ɓangare ya yi ƙasa wancan ya tallafe shi. Sai dai ribar da ke fitowa daga tashin darajar haƙƙin ta takarda ce, lissafi ne a kan hasashe. Ba a biyan masu hannun jari da hasashe.

Na biyun shi ne ya fi ba ni tsoro. Idan mai gida bai biya ba, a yawancin yarjejeniyoyi kamfanin ne zai fitar da kuɗin daga aljihunsa ya ba masu bashin, da na haraji da na inshora, daga baya a mayar masa. Za a mayar, amma yaushe? A Maris 2020 dokar CARES ta ba masu bashin da gwamnati ta lamunce damar jinkirta biya na kwana 180, da damar ƙara wasu 180. Kamfanonin da ba bankuna ba, waɗanda ba su da ajiyar jama'a da za su jingina da ita, suka shiga tsaka mai wuya, har hukumar FHFA, mai sa ido a kan Fannie da Freddie, ta taƙaita nauyin zuwa wata huɗu a bashin Fannie da Freddie. A wannan watan na Maris ne kamfanin New Residential, wanda ya koma Rithm Capital a 2022, ya rage ribar da yake rabawa duk wata uku daga senti 50 zuwa senti 5 a kan kowane hannun jari, lokacin da kasuwar takardun bashin gidaje ta rikice.

Daga nan na daina fara karatu da yawan ribar da ake rabawa. Nakan fara da tsarin kamfanin. Wanda ya yi rajista a matsayin REIT, wato kamfanin zuba jari a gidaje ko bashin gidaje, doka ta tilasta masa raba aƙalla kashi 90 na ribar da ake yi wa haraji. Rabonsa yakan yi kauri, amma ba ya iya tara na gobe sosai, sai ya riƙa cin bashi ko sayar da sabbin hannayen jari don ya girma, kason tsofaffin masu hannun jari kuma ya ragu. Kamfanin Mr. Cooper, wanda a da ake kira Nationstar, wata hanya ya bi. Shekaru ya yi ba ya raba riba a kai a kai, yana sayen hannayen jarinsa da kansa yana ƙara sayen haƙƙin kula da bashi, har kamfanin bayar da bashin gidaje na Rocket ya sanar da sayensa a Maris 2025 kan dala biliyan 9.4. Wanda ya guje shi don ba ya rabo ya yi asarar kallon inda kuɗin ke tafiya.

Akwai kuma hukuma. Ocwen, wani kamfanin kula da bashin gidaje, ya biya dala miliyan 150 ga hukumar kuɗi ta jihar New York a 2014, shugabansa William Erbey ya sauka. Sana'a ce ta mu'amala da mutanen da ke gab da rasa gida, kuskuren takarda ɗaya na iya zama shari'a, kuma kula da bashin da ya lalace ya ninka na lafiyayye tsada.

Don haka idan rahoton irin wannan kamfani ya zo hannuna, nakan nemi tsabar kuɗin da yake da su da layin bashin da bankuna suka buɗe masa, in auna su da abin da zai fitar idan masu makara suka ninka. Sai in duba yawan bashin Ginnie Mae a cikin kayansa, don a can makara ta fi yawa, nauyin biya a madadin mutane kuma ya fi daɗewa a wuyan kamfani.