Cikin Basakkwace a sanyin Jos

Mutumin da ya taso a Sakkwato, inda a watan Afrilu ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida don ɗaki ba ya kwantuwa, ba abin da ke fara saita masa hankali a Jos kamar sanyi. Aiki ne ya kawo ni a tsakiyar hunturu, na kama haya a Unguwar Rogo, ba nisa da titin Bauchi. Garin a kan tudu yake, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma na lura sanyin nan shi ke yanke wa mutane abin da za su ci da lokacin da za su ci shi.

A gida, fura ce abincin rana, an gama magana. A nan kuwa hannunka da kansa yake neman abu mai tururi. Ana sallame sallar asuba sai teburin mai shayi ya cika: masu Keke Napep, 'yan dako, ɗaliban jami'a, kowa ya ja hular sanyi har kunne. Mai shayin layinmu ba ya tambaya ta me zan sha. Yana hango ni zai ce, "Malam, mai kauri ko?" ya tsiyayo ruwan da ya sha citta da kanumfari. Kafin ya gama soya ƙwai ka ji labarin unguwa kaf, har da layin da aka kawo wa wuta jiya.

Amma masa ce ta kama ni. Wata dattijuwa ke toya ta a ƙofar gidanta, tanda biyu a kan wuta, jikarta na miƙo ƙullu. Masar shinkafa ce, fara, gefenta ya yi ƙamas-ƙamas, cikinta kuma laushi, da ɗan tsamin ƙullun da ya kwana. Akwai masu ci da miyar taushe, akwai masu ci da ƙuli da yaji, yara kuma sukari suke barbaɗawa. Ni romon kai nake sa a zuba mini. Ba ta saurin kowa. In ka matsa mata sai ta ce, "Ɗana, in ɗanya kake so ga ƙullun nan." Ƙarfe tara ta wanke tanda, wanda ya makara sai gobe.

Baƙo a Jos ba ya rasa masu ba shi shawara. Tun rikicin watan Satumba na 2001 da waɗanda suka biyo baya, jama'a suka rarrabu, unguwanni da yawa suka koma na Musulmi zalla ko na Kirista zalla. Maƙwabta sun zaunar da ni sun lissafa mini inda ake zuwa, da inda ba a kai dare. Ban raina maganarsu ba, sun ga abin da ban gani ba. Sai dai da na tsaya iyakar inda suka shata mini, da ban ci gwate ba.

Wani abokin aikina, ɗan ƙabilar Birom, shi ya ja ni wata rumfa da rana. Gwate ɗan'uwan faten tsakinmu ne, amma da acca aka yi wannan, ga yakuwa, ga alayyahu, ga gauta mai ɗan ɗaci, ga ƙashi mai guringuntsi da ake taunewa gaba ɗaya. Ruwa-ruwa ne, sha ake yi, kuma kafin ka kai rabin kwano zufa ta karyo maka. Tun ban buɗe baki ba mai abincin ta gane abin da ke raina. Ta ce, "Alhaji, ci abinka, wajen mahauta Hausawa nake sayen nama." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban yi mata gardama ba. Hausarta ba irin tamu ba ce, namiji da mace duk "ya" ne, sai dai ba abin da ya ɓace mini, kuma da ita ake ciniki a ko'ina cikin garin nan.

Ranar da na shiga kasuwar Farin Gada na gane dalilin da ko mai awara a bakin titi yake cika maka leda da kabeji. Kabeji tuli-tuli, karas da jar ƙasarsa a jiki, koren wake, latas, kokwamba, tumatir kwando-kwando ana loda wa manyan motoci zuwa kudu. Dankalin turawa daga Bokkos da Mangu yake zuwa buhu-buhu. Abin da a Sakkwato sai ranar biki ake yanka shi a gefen shinkafa, a nan abincin talaka ne. Har sitiroberi ake nomawa a wajen Vom, yara na yawo da shi a ƙananan robobi lokacin rani. Na saya don marmari. Tsaminsa ya fi zaƙinsa, ni dai a ba ni mangwaro.

Taminus kuwa, wato wajen babbar kasuwar garin, hayaniya ce kawai. Babbar kasuwar ta ƙone a watan Fabrairun 2002, 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewaye, a nan na tarar ana hada-hada. Na sayi rigar sanyi ta gwanjo na fito.

Da dare nakan gangara wajen Masallacin Juma'a. Masu tsire da balangu na jere, mutane sun kewaye wuta, rabi don nama rabi don jin ɗumi. Tsiren ba laifi, amma kada ka ce za ka ƙulle shi a takarda ka kai gida, kitsen zai daskare tun kana hanya. A tsaye ake ci. Garin kuma ba ya kai dare irin namu, da an yi isha'i da kaɗan sai ka ga ana ta rufe shaguna.

Abu ɗaya ne har yanzu ban samu yadda nake so ba, fura. Nonon yana da kyau, Fulani na nan kewaye da garin, amma furar ba ta jin kayan yaji, kuma a injin markaɗe ake dama ta sai ta zama sulɓi, babu gudajin da za ka tauna. Na yi wa wata mai nono ƙorafi, ta ce in zo da ludayina da ƙwaryata in dama da kaina. Na aika Sakkwato a sako mini su a mota.