Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kan sarkin da babu kan sarki a jikinsa

Makon jiya mun tsaya a kan akwatin tsofaffin wasiƙu. Yau ga kan sarkin Falasɗinu da ke cikinsa, da yadda ake taɓa shi ba tare da an yi ɓarna ba.

A 1927 gwamnatin Ingila da ke riƙe da Falasɗinu ta fitar da kan sarki mai zane iri huɗu. Ɗaya daga ciki Ƙubbatus Sahra ce ta birnin Ƙudus, wadda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina. Mutane da yawa na ganin ƙubbar sai su ce masallacin Al-Aƙsa ne, alhali ginin da ake jam'i a ciki yana kudu da ita. Duk da sunan da muka ba shi, babu hoton sarkin Ingila a jiki. Rubutu uku ne: Turanci, Larabci da Ibraniyanci. Kuɗinsa da mil ne, ƙaramin kuɗin Falasɗinu na lokacin, kuma mil 1,000 ke yin fam ɗaya. Na mil 13 shuɗi ne da farko, a 1932 aka mayar da shi ruwan ƙasa, sabon na mil 15 ya karɓi shuɗin.

An yi ta amfani da su har 1948, don haka ba su da wahalar samu. Kada dillali ya ruɗe ka da "ai tsoho ne". Takarda ce ke raba su: akwai siririya, akwai mai layi-layi a tsaye, sai ka karkata shi ga haske za ka gani.

In yana manne da ambulan mai hatimin gidan waya da kwanan wata, bar shi a nan, ya fi daraja. In guntun takarda ne kawai, jiƙa shi a ruwan sanyi minti 15 har ya saki da kansa. Ruwan zafi na iya zubar da launi, ambulan mai jan launi kuwa rina shi yake. Ka kifa shi a farar takarda ya sha iska, sannan ka danne da littafi. Kada ka fizga, in haƙori ɗaya na gefensa ya cire, farashi ya faɗi. Salatif kuwa kashe shi ne. Da damina, wanda gam ɗinsa ke nan yakan manne ko ya yi ɗigon tsatsa.

Mako mai zuwa: yadda masallacin Bobo-Dioulasso, da ke Burkina Faso ta yau, ya hau kan sarkin Kodebuwa a 1936.