Wa ke ba da izini a gadon marar lafiya?

A cikin darussan da ake ba mu a karatun likita, babu wanda ya fi tsaya mini a rai kamar darasin ɗa'ar aikin lafiya, ko da yake sa'o'insa kaɗan ne, kuma ɗalibai da yawa suna barinsa sai daren jarrabawa. Da tarihi ake farawa: ƙa'idojin Nuremberg na 1947, waɗanda suka biyo bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a kan fursunoni, sai sanarwar Helsinki ta 1964, sannan ginshiƙan da masana ɗa'ar likita Beauchamp da Childress suka tsara a 1979, wato girmama zaɓin marar lafiya, neman abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da yin adalci.

Mu ƴan Maradi ba mu da buƙatar zuwa Turai neman misali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya ce an nemi yardarsu da baki. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan ɓarnar ta riga ta yaɗu, domin wannan labari yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a arewacin Najeriya a 2003, cutar kuma ba ta tsaya a kan iyaka ba.

Inda darasin yake yi mini wuya shi ne ginshiƙin farko. Littattafan suna ɗauka cewa marar lafiya mutum ne shi kaɗai, wanda zai karanta takarda, ya yi tunani, ya sa hannu. A wajenmu takardar da Faransanci take, matar da ke kwance sau da yawa ba ta yi makarantar boko ba, kuma idan aka tambaye ta ko ta yarda a yi mata tiyata, amsarta ita ce: "Likita, sai abin da maigida ya ce." Maigidan yana iya kasancewa a kasuwar Jibiya ko ya tafi cirani, wayarsa ba ta shiga, naƙuda kuwa ta kwana biyu. Gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa tun wajen 2006, amma ba ta da ikon ɗauke wannan jira. Duk wanda ya taɓa ganin matan da ke neman magani a cibiyar yoyon fitsari ta Danja ya san abin da doguwar naƙuda take jawowa.

A aji mun rabu gida biyu. Wasu sun ce shawara da miji da iyaye al'adarmu ce, kuma ba daidai ba ne a ɗora mana tsarin da bai san dangi ba. Ina tare da su a kan cewa shawarar dangi alheri ce, domin su ne masu jinya, su ne masu sayen magani, kuma mace ba ta so a raba ta da su. Amma ban yarda a yi magana a kanta tana kwance kamar ba ta nan ba. Jikinta za a yanka, ranta ne ke cikin haɗari, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanya kare rai cikin manyan manufofin shari'a. A ganina wajibi ne a fara yi mata bayani ita da kanta, da Hausar da take ji, a gaya mata abin da jinkiri zai haifar, sannan ta faɗi wanda take so a kira. Idan rai ya kai gargara, ba a jiran wanda ba ya nan.

Saboda haka nake roƙon malamanmu su ƙara wani abu a jarrabawar wannan darasi. A sa kowane ɗalibi ya zauna gaban wata dattijuwa, ya bayyana mata da Hausa abin da tiyata take nufi da haɗarin da ke cikinta, sannan a tambaye ta abin da ta fahimta, a ba shi maki gwargwadon amsarta.