Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gonar Baffa

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi alkawarin yau zan ba da labarin komawata koyarwa bayan rasuwar Inna, amma ku yi mini haƙuri, wannan sai wani jiƙon. Ruwan da aka yi daren Talata ya tafi da katangar wani bawan Allah a bakin kwarin da ke bayan tsohuwar gonarmu, kuma tun da na dawo daga jaje maganar Baffa ta hana ni sakat. Allah ya jiƙansa, shi ne yake cewa ruwa ba ya mance hanyarsa. Ya faɗa a gona, ya faɗa a zaure, ya faɗa a gaban Mai Unguwa, har yara suka riƙa kwaikwayon muryarsa suna dariya.

Wanda aka haifa bayan 1996 ba zai gane Gomben da nake nufi ba. Kafin Abacha ya cire mu daga Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara, Gombe garin sarki ne, garin auduga da hatsi da tashar jirgin ƙasa, kowa ya san gidan kowa. Da ka miƙe hanyar Bauchi ka wuce Mil Uku, sai gonaki. Tumfure ƙauye ce a lokacin, in mutum ya ce can za shi sai a yi masa a sauka lafiya. A wannan yanki gandunmu yake, wanda Baffa ya riƙe bayan rasuwar mahaifinmu, ya haɗa mu da 'ya'yansa bai bambanta kowa ba. Gero da wake a tudu, dawa a ƙasa, wani sashe auduga da ake kaiwa BCGA, kamfanin sayen auduga. Akwai ɗorawa manya a jere, da tsamiya guda, da kukar da Goggo take aiken mu ɗebo mata ganye.

Ta gefen arewa wata 'yar hanyar ruwa ta ratsa gonar. Ina ɗan firamare nake tsallake ta da gudu, ko wandona ba ya jiƙewa. Baffa bai taɓa yarda garma ta matso kusa da ita ba. Taku goma ta wannan gefe, taku goma ta wancan, gamba da jema ne kawai, ba a nomewa, ba a sa wuta. Wata shekara yayana Hamma ya ga wurin ya yi kyau ya sa shanu suka huɗe shi ya zuba gyaɗa. Baffa ya zo ya tarar, bai ce uffan ba, ya tuɓe riga ya bi kunya-kunya yana baje ta da hauya, sannan ya sa mu muka haƙo saiwar jema daga fadama muka sake dasawa cikin rana. Da ya gama ya dubi Hamma ya ce, “Kai kana ganin fili ne. Wannan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Hanyar ruwa ce, kuma ruwa ba ya mance hanyarsa.” Ina ganin tun daga ranar Hamma ya riƙe abin a ransa.

Na san 'ya'yan Hamma suna karanta wannan tarihi, an gaya mini. Su karanta. Ban zagi mahaifinsu ba, yayana ne, shi ya biya mini kuɗin jarrabawa shekarar da auduga ta faɗi, kuma na rubuta wannan a kashi na shida. Amma abin da ya faru ya faru.

Da aka ba mu jiha mun yi murna, ni ma har da ni a cikin masu zagaya gari. Sai ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Bauchi, ba gidajen da za su zauna, kuɗin haya ya tashi, kuɗin fili ya bi shi. Dillalai suka fara zuwa zauren Baffa bayan la'asar, kowa da nasa daɗin bakin. Baffa ya tsufa sosai a lokacin, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Ya ce musu in dai yana numfashi ba wanda zai ja igiya a gonarsa. Kuma ba tasa kaɗai ya tsaya wa ba. Lokacin da maƙwabcinmu na sama ya sayar da tasa aka fara sare itatuwa ana ƙona gawayi, Baffa ya sa aka ɗora shi a bayan babur aka kai shi ƙofar Mai Unguwa, ya tara dattawa. Ni na rubuta takardar, tunda ni ne malamin makaranta a gidan. Abin da muka roƙa kaɗan ne: in za a yanka fulotai a bar hanyar ruwa da faɗinta, a bar burtali, a ware maƙabarta da filin makaranta, kuma a hana masu tifa kwasar yashi a cikin kwarin. Dattawa suka dangwala yatsa, muka kai wani ofishi da ba zan kira sunansa ba. Wani matashi da bai kai ɗan cikina ba ya karɓa, ya duba sama-sama, ya ce, “Malam, ku ne ba kwa son ci gaba. Babban birnin jiha ne fa yanzu, ba ƙauye ba.” Da na dawo na gaya wa Baffa, sai ya ce, “To, su gaya wa ruwan.”

Wannan kalma ta maƙiyan ci gaba ta bi mu shekaru. A masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a makarantar da nake koyarwa. Ci gaban wa muka ƙi? Jami'ar jiha da aka buɗe a 2004 zamanin Goje, 'ya'yana sun yi karatu a cikinta. Ruwan Dadin Kowa da aka jawo daga kusan kilomita 40, ranar da ya fara zuba a famfon unguwarmu matata guɗa ta yi, domin mu mun san wahalar ruwa a Gombe, mun san bin tanka da jarka. Tituna, asibiti, filin jirgin sama na Lawanti, wa zai ƙi? Abin da muka ce shi ne garin nan a cikin kwari yake zaune, gangarensa daga yamma ne zuwa gabas, ƙasarsa kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa. Ruwan da ya sauka a tudun yamma, da can gona ce ke shanye shi, itace da ciyawa su rage masa gudu. In ka rufe tudun da kwano da siminti da kwalta, ko ɗigo ba zai nutse ba, gaba ɗaya zai taru ya gangaro, kuma kan talakan cikin gari zai sauka. Wannan ba sai mutum ya je jami'a ba. Baffa ko ajin yaƙi da jahilci bai shiga ba.

Bai ga 2004 ba, Allah ya ɗauke shi kafin nan. Wani lokaci nakan ce gara haka. Ambaliyar watan Agusta ta wannan shekara, duk wanda yake Gombe ya san inda yake a lokacin. Yayata Adda tana aure a cikin gari, kusa da babban kwarin. Ruwa ya shigo musu ta bayan gida, ba ta ƙofa ba, ginin ƙasa ya jiƙe ya zauna. Da muka isa da safe mun same ta a tsaye cikin laka har gwiwa, tana tsamo kwanukan jerenta ɗaya-ɗaya tana kifewa a kan guntun bango, buhunan masara sun kumbura sun fashe, awakinta babu ko ɗaya. Ta tsira da yaranta, alhamdu lillahi. Maƙwabtanta wasu ba su tsira ba, mun yi jana'iza a ranar har ƙafa ta gaji. Adda ta dube ni ta ce, “Ka tuna maganar Baffa?” Na ce na tuna.

Na tsallake rabon gado, bari in koma. Ana gama sadakar arba'in Hamma ya tara mu ya ce kowa yana da buƙata, wannan zai yi aure, wancan yana son jari, gona kuma ba ta kawo abin da fuloti ɗaya zai kawo a shekara goma. Gaskiya ne kuwa, ban musa masa lissafi ba. Na ce a sayar da tudun, a bar taku goman nan na Baffa ta kowane gefe da ɗorawoyin. Aka yi mini caa. Autanmu ma, wanda na goya, ya ce, “Hamma Malam, ciyawa za mu ci?” Ƙarshe aka ce tunda ni ke son kwarin, a ba ni shi a rabona. Na karɓa. Sauran aka kawo mai awo da igiya da turaku, aka yayyanka gonar kamar naman layya, hamsin da ɗari, hamsin da ɗari, lungun da aka bari tsakanin fulotai ko amalanke ba za ta juya ba. Ba lambatu, ba kwalbati, ba wanda ya tambayi inda ruwan indararo zai bi. Ɗorawar da ba ta faɗo a rabona ba, kafin wata ya zagayo ta zama gawayi. Goggo da ta ji an sare babbar, wadda take samun kalwar daddawarta tun tana amarya, kwana ta yi ba ta ci abinci ba.

Rabona kuwa na tsare shi iya ƙarfina. Na dasa kashe-kwari, na jera buhunan yashi, na sa tsofaffin tayoyi. Amma ruwan da ke zuwa yanzu ba wanda Baffa ya sani ba ne. Na gidaje ɗaruruwa ne daga sama, ja wur, ɗauke da leda da shara da ɓaraguzan bulo. Masu tifa kuma suna ƙasa suna kwasar yashi da dare, gindin kwarin yana ƙara zurfi, gefe yana rubzawa. Hanyar da nake tsallakewa ina yaro, yau in ka tsaya a bakinta ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka, gida mai bene zai shige ciki. Ɗorawoyina biyu suna can ƙasa, saiwa a sama.

Akwai masu cewa matsalar yawan jama'a ce, ana ta haihuwa, baƙi kuma sun cika gari. Jama'a kam ta ƙaru, ƙidayar 2006 ta ba jiharmu sama da mutum miliyan 2.3, kuma bayan nan ne rikicin Boko Haram ya koro mutanen Borno da Yobe da Adamawa, musamman wajen 2014. Amma ni ba zan ɗora wa waɗannan bayin Allah laifi ba. Mutumin da katangarsa ta faɗi ranar Talata daga Damboa ya gudo, da 'yan kuɗin shanun da ya tsira da su. Da rani aka kai shi, kwari a bushe, dillali ya nuna masa fili mai araha ya ce ruwa ba ya zuwa nan. Ina zai sani? Wanda ya sayar masa ɗan gari ne, a gaban idonsa Baffa ya baje gyaɗar nan. Mutum in ya zo neman wurin kwanciya dole a ba shi, haka addini ya ce, haka Gombe ta saba tun zamanin da jirgin ƙasa ya kawo mana ƙabilu iri-iri. Amma a ba shi inda zai kwana da ido biyu rufe. Ƙasa ba ta ƙare ba a Akko da Kwami da Yamaltu Deba. Abin da ya ƙare shi ne mai cewa a'a, nan hanyar ruwa ce.

Maƙabartar da muka roƙa ba a ware ba, yanzu mutanen unguwar sai sun nemi mota kafin su kai gawa. Burtalin an gine shi, shi ya sa kullum ake rigima da makiyaya a kan titi. Famfo bai kai can ba, 'yan garuwa ne ke cin kasuwa. Su Hamma kuwa kuɗin fulotan ko shekara uku ba su yi ba. Wannan ba zan faɗaɗa ba, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Ban ce ba a yi komai ba. Na ga aikin da aka yi da tallafin Bankin Duniya a manyan kwaruruka, na bayan jami'ar jiha da na wajen kwalejin horar da malamai ta tarayya, FCE, an zuba kankare an ɗaure gefe, mutanen wurin sun samu barci. Na ga itatuwan da ake dasawa tun 2019 a shirin 3G na Gwamna Inuwa Yahaya, na karɓo wasu ma na dasa a ƙofar gida. Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu. Sai dai duk lokacin da na wuce ta wurin kankaren nan nakan tuna cewa abin da ake kashe biliyoyi a kai yau, Baffa da saiwar jema da taku goma ya tsare nasa sashen shekara da shekaru, aka ce masa tsohon da ba ya son ci gaba. Kuma yanzu haka da nake rubutun nan, ku je bayan Tumfure, ku je hanyar Dukku, ku je hanyar Kumo, za ku ga turaku a cikin hanyar ruwa, da lambar waya a jikin allo.

Watan jiya babban ɗan Hamma ya zo gaishe ni, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, yaro mai ladabi. Bayan gaisuwa ya zaro takarda ya ce, “Baffa Malam, wani ne yake son ragowar bakin kwarin nan naka. Zai cike da ƙasa ya fitar da fuloti uku, kuma kuɗin da ya saya ba laifi.” Na tambaye shi wa zai zauna a fulotan. Ya sunkuyar da kai. Na ce, “Ɗana, kakanka ya ce ruwa ba ya mance hanyarsa, kuma kai da idonka ka ga inda ɗorawa take kwance. Ba zan ci kuɗin da za a binne 'ya'yan wani da shi ba.” Ya bar takardar a kan tabarma ko zan sake tunani. Ban sa hannu ba, kuma na tara 'ya'yana na gaya musu ko bayan raina ban yafe a sayar da wurin don gini ba, na sa Liman ya shaida.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan makarantar da aka tura ni bayan rasuwar Inna, da yadda aka so yanka filin ƙwallonta a yi shaguna.